Yanke hoto a cikin burauza da ƙaramin laburaren JavaScript: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu gina shafukan intanet suka saba yi idan aiki ya kai su wurin da mai amfani da shafi zai ɗora hoto, ko na fasfo ne a fom ɗin rajista, ko hoton fuska a dandalin sada zumunta, ko hoton kaya a shagon intanet. Yawancin misalan an ɗauko su ne daga siga ta farko ta Cropper.js, wani laburaren yanke hoto, wato ƙunshin umarnin JavaScript da aka riga aka rubuta, domin shi aka fi cin karo da shi, amma abin da aka faɗa game da burauza da wayoyi ya shafi kowane laburare.

Mene ne ake nufi da yanke hoto a cikin burauza?

Ana nufin mutum ya zaɓi hoto daga wayarsa ko kwamfutarsa, shafin ya nuna masa shi tare da akwatin da zai iya ja, ya faɗaɗa ko ya matse, sannan a fitar da sabon hoto daga ɓangaren da ya zaɓa, duk wannan kafin a tura komai zuwa sabar, wato kwamfutar da take riƙe da shafin. Na'urar mutumin ce take yin aikin. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne allon zane na burauza da ake kira canvas, wanda kamfanin Apple ya fara shigar da shi a 2004, daga baya ya zama ɓangaren HTML5. Wannan allo yana da umarnin drawImage, wanda yake karɓar wurin da za a fara yanka, da faɗi da tsawon abin da za a ɗauka, da girman da ake so ya fito. Yankan kansa bai wuce layi ɗaya ba. Wahalar tana wajen akwatin da mutum yake ja da yatsa, da lissafin da zai mayar da abin da aka gani a ƙaramin allon waya zuwa ainihin girman hoton, kuma wannan ne aikin da laburare yake ɗauke wa mai gina shafi.

Me ya sa ba za a tura hoton gaba ɗaya ba, sabar ta yanke shi?

Ana iya yin haka, kuma shekaru da yawa haka aka yi. Amma a duba abin da yake faruwa da mai cika fom. Kyamarar waya ta yau tana fitar da hoto mai nauyin megabayit da yawa, alhali hoton fasfo da shafin yake buƙata bai wuce 'yan kilobayit ba. Idan aka ce sai ya tura babban, to zai kashe datarsa a kan abin da za a jefar da mafi yawansa, kuma idan sabis ya yanke ana tsakiyar turawa sai ya sake daga farko. Wanda yake zaune a ofis da intanet mai ƙarfi ba zai ji wannan a jikinsa ba, amma ɗalibin da yake rajistar jarrabawa da datar da ya saya ta kwana ɗaya, a garin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, shi ya san bambancin.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan damuna. Shafuka da dama suna gindaya sharaɗin girman hoto, su ƙi karɓar duk abin da ya wuce, ba tare da sun ba mutum hanyar gyarawa ba. Sai ka ga mutum da wayarsa a hannu, da hotonsa mai kyau a ciki, ya tafi shagon intanet ya bi layi, ya biya kuɗi don a rage masa hoto. Wannan nauyi ne da mai gina shafin ya kamata ya ɗauka, kuma aikin yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Bayan haka, mutumin da ya ga yadda hotonsa zai fito kafin ya tura ba zai dawo yana ƙorafin an yanke masa hula ko haɓa ba, domin shi ya zaɓi wurin yankan da kansa. Sabar ma tana samun sauƙi, tun da ba za ta riƙa buɗe manyan hotuna dubbai a ranar da kowa ya yi tururuwar rajista ba.

Wane laburare ya kamata in zaɓa, kuma me ake nufi da mara nauyi?

Laburare a nan yana nufin ƙunshin umarni da wani ya riga ya rubuta ya kuma gwada, kai kuma ka haɗa shi da shafinka. Ana cewa ba shi da nauyi idan fayil ɗinsa ƙarami ne, kuma bai dogara da wani babban laburare kafin ya yi aiki ba. Wannan sharaɗi na biyu yana da muhimmanci, domin tsofaffin kayan yanka irin su Jcrop da imgAreaSelect an gina su ne a kan babban laburaren jQuery, don haka wanda ya ɗauke su sai ya ɗauko jQuery ma, ko da ba ya buƙatarsa a wani wuri.

Cropper.js, wanda Chen Fengyuan ya rubuta ya kuma sake shi a ƙarƙashin lasisin MIT, yana tsayawa da kansa. Yana juya hoto, yana kusanto da shi ko ya nesanta shi, yana aiki da yatsa da linzamin kwamfuta, kuma yana fitar da hoton da aka yanke. Croppie ya bi wata hanya dabam, inda akwatin yake tsaye wuri ɗaya, mutum yana motsa hoton a ƙarƙashinsa, kuma wannan ya fi dacewa da hoton fuska a waya. Croppr.js ya fi su ƙanƙanta, sai dai lissafin wurin yanka kawai yake bayarwa, yankan kuma ya rage naka. Masu aiki da React, wani laburaren gina shafuka, suna da react-easy-crop da react-image-crop.

Shawarata ita ce a fara da tambayar abin da mutum zai yanke. Idan hoton fuska ne mai ma'auni guda, salon akwati tsayayye ya fi sauƙi ga babban yatsa, kuma Cropper.js ma yana iya yin sa idan aka saita dragMode zuwa move, aka hana akwatin motsi. Idan kuma hoton takarda ne ko na kaya, inda kowane hoto yake da nasa fasali, to a bar mutum ya ja kusurwoyin akwatin yadda yake so. Kafin a yanke shawara, a duba yaushe aka yi wa laburaren gyara na ƙarshe, domin burauza tana canzawa, laburaren da aka yi watsi da shi kuwa ba ya bin ta.

Yaya aikin yake gudana daga zaɓar hoto har zuwa turawa?

Ana farawa da gurbin zaɓar fayil na HTML, a saita shi ya karɓi hotuna kawai. Da zarar mutum ya zaɓa, burauza tana miƙa wa shafin fayil ɗin, sai a yi masa adireshin wucin gadi da URL.createObjectURL, a sa wannan adireshi a cikin alamar hoto. Wasu suna amfani da FileReader su mayar da hoton dogon rubutu na Base64, amma wannan hanya tana ƙara nauyinsa da kusan kashi ɗaya bisa uku, domin kowane bayit 3 yana komawa harafi 4, kuma duk rubutun yana zaune a ƙwaƙwalwar waya. Adireshin wucin gadi ya fi, da sharaɗin a tuna a sake shi da revokeObjectURL idan an gama.

Daga nan sai a kunna laburaren a kan hoton. A Cropper.js ana ba shi aspectRatio don ma'aunin akwati, da viewMode. Wannan na biyu ya cancanci kulawa, saboda idan aka bar shi a kan 0, wanda shi ne saitinsa na asali, akwatin yana iya fita wajen hoton, a sami fanko a gefe. Idan aka mayar da shi 1, akwatin ba zai wuce iyakar hoton ba, kuma wannan ne abin da yawancin fom suke buƙata. Akwatin yana farawa da kashi 80 cikin 100 na faɗi da tsawon da zai iya kaiwa a kan hoton, ana kuma iya canza hakan da autoCropArea.

Idan mutum ya danna maɓallin amincewa, sai a kira getCroppedCanvas tare da faɗi da tsawon da ake so, a karɓi allon da aka zana yankin a kansa, a mayar da shi fayil da toBlob, a sa shi a cikin FormData, a tura da fetch. A wajen sabar zai iso kamar kowane fayil da aka ɗora ta fom. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne mutum yana iya fasa wannan hoto ya zaɓi wani, don haka dole a rushe tsohon akwatin da destroy, ko a musanya hoton da replace, in ba haka ba akwatuna biyu za su hau kan juna.

Ai CSS ma yana yanke hoto. Me ya sa ba zai wadatar ba?

CSS shi ne harshen tsara kamannin shafi, kuma abin da umarninsa na object-fit da makamantansa suke yi shi ne ɓoye gefen hoto daga ido. Fayil ɗin yana nan cikakke, mai ziyara yana sauke shi dukansa, kuma duk wanda ya buɗe adireshin hoton zai ga ɓangaren da aka rufe. Idan don ado ne, babu laifi. Idan kuwa mutum ya yanke hoto ne don ya cire lambar asusunsa, ko fuskar yaronsa, ko adireshin gida da ya fito a gefen takarda, to wajibi ne abin da ya cire ya tafi da gaske.

Ba ƙananan shafuka kaɗai suke faɗawa wannan rami ba. A watan Maris na 2023 aka bayyana wata matsala da aka yi wa laƙabi da aCropalypse, inda manhajar gyaran hoto ta wayoyin Google Pixel take rubuta hoton da aka yanke a kan tsohon fayil ba tare da ta share ragowarsa ba, har ana iya dawo da wani sashe na abin da mutum ya ɗauka ya cire. An sami irin wannan a manhajar ɗaukar hoton allo ta Windows. Yanka ta hanyar canvas ba shi da wannan haɗari, domin sabon fayil ake ƙirƙira daga ɗigon hoton da aka zaɓa kawai. Sai dai idan shafin yana tura ainihin hoton tare da lissafin yanka don sabar ta ƙarasa, to cikakken hoton ya isa hannun masu shafin, kuma ya kamata a gaya wa mutum hakan a fili.

Wane ma'auni da girma zan sa wa hoton fasfo?

Hukumar da za ta karɓi hoton ita take da magana, don haka a karanta ƙa'idarta kafin a saita komai. Misalai biyu da aka sani sun isa su nuna yadda lissafin yake. Hoton fasfo na Amurka inci 2 ne a kowane gefe, wato ma'auninsa 1 da 1, kuma na neman biza ta intanet ana karɓarsa daga fiksel, wato ɗigon hoto, 600 zuwa 1200 a kowane gefe, nauyinsa kada ya wuce kilobayit 240. Na ƙasashen Turai masu bizar Shengen milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo, wanda idan za a buga shi a ɗigo 300 a kowane inci zai kama kusan fiksel 413 da 531.

Ma'auni dabam, girma dabam. Ma'auni ana sa shi a kan akwatin da mutum yake ja, girma kuma ana sa shi a lokacin fitar da hoto. Ya kamata a hana mutum matse akwatin har ya gaza girman da ake buƙata, domin idan ya zaɓi yanki mai fiksel 150 aka buɗa shi zuwa 600, fuskar za ta fito dishi-dishi, a ƙi karɓarta daga baya. Umarnin getData yana faɗin girman yankin a ainihin hoton, don haka da shi ake gane ko zaɓin ya yi ƙanƙanta, a gargaɗi mutum tun kafin ya tura.

Me ya sa hoton da aka ɗauka a tsaye yake fitowa a kwance?

Kyamarar waya sau da yawa ba ta juya hoton kansa. Tana ajiye shi yadda idon kyamarar ya gan shi, sai ta rubuta wata lamba daga 1 zuwa 8 a cikin bayanan EXIF da suke tafe da fayil ɗin, wadda take gaya wa manhaja yadda za ta juya shi kafin ta nuna. Lamba 6, alal misali, tana nufin a juya shi digiri 90 zuwa dama. A da burauzoji ba sa kula da wannan lamba, shi ya sa laburarori suka riƙa karanta ta da kansu, kuma Cropper.js yana da checkOrientation saboda haka. A 2020 manyan burauzoji suka fara bin lambar da kansu, Chrome daga siga ta 81. Tun daga lokacin matsalar ta canza kama, domin tsohon umarnin da wani ya rubuta don ya juya hoto da hannu yanzu yana juya wanda burauza ta riga ta miƙar, sai ya sake kwanciya. Wanda ya gaji tsohon shafi ya fara duba nan. Idan kuma sabar ce take yanka, to ta miƙar da hoton kafin ta yi aiki da lissafin, kuma kayan sarrafa hoto na sabar irin su Pillow da sharp da ImageMagick kowanne yana da umarnin yin haka.

Shafin yana aiki a kwamfutata, amma a waya yana tsayawa cik ko ya fitar da hoto fanko. Ina matsalar?

Kusan kullum ƙwaƙwalwar na'ura ce. Nauyin fayil da ake gani yana ruɗin mutane, saboda JPEG a matse yake. Idan burauza ta buɗe shi, kowane fiksel yana cin bayit 4. Hoto mai faɗin 4000 da tsawon 3000 yana da fiksel miliyan 12, wato kusan megabayit 48 a ƙwaƙwalwa, ko da fayil ɗin megabayit 3 ne. Wayar da kyamararta take iya ɗaukar fiksel miliyan 50, cikakken hotonta zai ci kusan megabayit 200, kuma wannan kwafi ɗaya ke nan, ba a lissafa wanda laburare zai yi da wanda canvas zai riƙe ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a a Najeriya da Nijar, irin ƙananan Tecno da itel da Infinix, da dama suna haɗa kyamara mai fitar da babban hoto da ƙwaƙwalwa kaɗan. Abin da yake faruwa shi ne mutum ya danna ɗaukar hoto, kyamara ta buɗe, tsarin wayar ya rufe burauza a baya don ya sami wuri, idan mutumin ya dawo sai ya tarar shafin ya sake lodawa, duk abin da ya cika a fom ya tafi.

Safari a kan iPhone ma yana da tasa iyaka. An daɗe da sanin cewa canvas da ya wuce fiksel 16,777,216, wato 4096 sau 4096, yana iya fitowa fanko ba tare da wani saƙon kuskure ba, shi ya sa bayanan Cropper.js suka ba da shawarar sa maxWidth da maxHeight a kan 4096.

Maganin shi ne a rage hoton kafin a miƙa shi ga laburare. Idan abin da ake so a ƙarshe fiksel 600 ne, babu dalilin riƙe hoto mai fiksel 8000 a lokacin da mutum yake jan akwati, kwafi mai fiksel 1600 zuwa 2000 a dogon gefensa ya wadatar. A kuma riƙa adana abin da mutum ya cika a fom a ma'ajiyar burauza, domin idan shafin ya sake lodawa ya tarar da aikinsa. Sannan a sami waya mai araha, wadda aka cika da manhajoji kamar yadda take a hannun mutane, a gwada shafin a kanta. Kwaikwayon waya da Chrome yake yi a kwamfuta yana nuna girman allo, amma ƙwaƙwalwar kwamfutar yake amfani da ita, don haka ba zai nuna wannan matsala ba.

Na yanke hoto, amma sabon fayil ya fi na asali nauyi. Yaya aka yi haka?

Idan ba a faɗa wa toBlob nau'in fayil ba, PNG yake fitarwa, kuma PNG ba ya zubar da komai, don haka hoton kyamara yana yin nauyi ƙwarai a cikinsa. A nemi JPEG a fili, a ba shi lambar inganci tsakanin 0 da 1. Ga hoton fuska, wani abu tsakanin 0.8 da 0.9 yakan fito da kyau. Idan akwai iyakar kilobayit da ba za a wuce ba, sai a fitar, a auna, idan ya wuce a rage ingancin kaɗan a sake, har ya shiga. Idan an yi ƙasa sosai bai shiga ba, gara a rage faɗi da tsawo da a ci gaba da lalata fuskar.

WebP yakan fi JPEG ƙanƙanta, amma akwai tarko. Idan burauza ba ta iya fitar da nau'in da aka nema ba, ba ta yin ƙorafi, sai ta bayar da PNG shiru, kuma Safari ya daɗe yana yin haka ga WebP. Saboda haka a duba nau'in fayil ɗin da ya fito kafin a raɗa masa suna. PNG kuwa a bar shi ga tambari, da sa hannu, da hoton allo mai rubutu.

Me ya sa bayan hoton ya koma baƙi, kuma yaya ake yanka mai zagaye?

JPEG ba ya ɗaukar fanko. Duk inda babu launi a kan canvas, ko saboda an juya hoton ne ko saboda asalinsa PNG ne mai bayan da ake gani ta cikinsa, baƙi yake komawa. A saita fillColor zuwa fari kafin a fitar.

Game da zagaye, fayil ɗin hoto kullum kusurwa huɗu gare shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanke murabba'i, a nuna shi a zagaye da border-radius na CSS, a akwatin yanka da kuma wurin nunawa. Wannan yana barin damar canza fasalin shafin nan gaba ba tare da an nemi kowa ya sake ɗora hotonsa ba.

Burauza tana cewa SecurityError idan na zo fitar da hoton. Mene ne dalili?

Wannan yana faruwa idan hoton daga wani adireshin intanet ya zo, ba na shafinka ba. Burauza tana barin a nuna shi, har a zana shi a kan canvas, amma daga nan sai ta ɗauki allon a matsayin gurɓatacce, ta hana a karanta abin da yake kansa. An yi haka ne don kada mugun shafi ya karanta hotunan sirri na mutum daga wani shafin da ya shiga. Gyaran ɓangare biyu gare shi, kuma dole a yi duka: sabar da take riƙe da hoton ta aiko da izinin Access-Control-Allow-Origin, alamar hoton kuma a sa mata crossOrigin. Idan sabar ba taka ba ce, kuma masu ita ba su ba da izini ba, babu dabarar JavaScript da za ta buɗe wannan ƙofa. Hoton da mutum ya zaɓa daga na'urarsa ba ya shiga wannan matsala.

Akwatin yanka yana fitowa ɗan ƙarami idan na sa shi a taga mai buɗowa a kan shafi. Me zan yi?

Laburaren yana auna wurin da aka ba shi a lokacin da aka kunna shi. Idan tagar tana ɓoye a lokacin, ma'auninta sifili ne, sai Cropper.js ya koma mafi ƙanƙantar girmansa, fiksel 200 da 100. A jira tagar ta gama buɗewa kafin a kunna shi, a rushe shi idan ta rufe. A kuma tabbatar an haɗa fayil ɗin CSS nasa, an sa wa hoton max-width na kashi 100.

Bayanan wurin da aka ɗauki hoto suna bin sa bayan an yanke?

Ba sa bin sa idan ta canvas aka fitar. Bayanan EXIF na iya ɗauke da ranar ɗauka, da nau'in waya, da ainihin wurin da mutum yake tsaye idan ya bar kyamara tana amfani da GPS, amma canvas launukan hoton kawai yake ɗauka. Ga matar da take sayar da kaya daga gida tana ɗora hotunansu, wannan kariya ce ta gaske, domin hoton ba zai nuna wa baƙo ƙofar gidanta ba. Shafin da yake buƙatar waɗannan bayanai, kamar na 'yan jarida ko na binciken aikin gona, sai ya karanta su daga ainihin fayil kafin yanka, bayan ya nemi yardar mai hoton.

Tun da burauza ta riga ta yanke, sabar za ta iya karɓa kawai ta ajiye?

A'a. Duk abin da yake gudana a burauza yana hannun mai na'urar, kuma wanda yake da mugun nufi zai tsallake shafin gaba ɗaya ya tura wa sabar abin da ya ga dama, da suna irin na hoto. Sabar ta duba nauyin fayil, ta duba ainihin abin da yake ciki maimakon ta yarda da sunansa, ta duba faɗi da tsawo kafin ta buɗe shi gaba ɗaya, sannan ta sake fitar da shi da kanta, ta ba shi sabon suna, ta ajiye shi inda ba za a iya gudanar da shi a matsayin umarni ba. Kayan da sabar take sarrafa hoto da su ma a riƙa sabunta su. A 2016 an gano wata ɓaraka a ImageMagick, wadda aka sani da ImageTragick, inda fayil da aka shirya da gangan yake iya sa sabar ta gudanar da umarnin maharin. Fayil ɗin hoto nau'in SVG kuma yana iya ɗaukar JavaScript a cikinsa, don haka kada a karɓe shi a gurbin hoton mutum.

In ɗauko laburaren daga rumbun intanet irin su cdnjs da jsDelivr, ko in ajiye shi a sabar tawa?

Na fi son a ajiye shi a gida, musamman a shafin da yake karɓar hotunan fuska da takardun mutane. A watan Yuni na 2024 aka gano cewa adireshin polyfill.io, wanda ɗimbin shafuka suke ɗauko umarni daga gare shi, ya fara aika mugun umarni bayan ya canza hannu. Wanda ya zaɓi rumbun waje ya rubuta lambar siga a cikin adireshin, ya kuma sa hatimin integrity domin burauza ta ƙi fayil ɗin idan an taɓa shi. Rubuta siga yana da wani amfanin ga Cropper.js musamman, domin siga ta biyu an sake gina ta daga tushe a kan sababbin alamomin HTML irin su cropper-canvas da cropper-selection, kuma umarnin da aka rubuta wa ta farko ba ya aiki a kanta. Haka nan kada a loda laburaren a kowane shafi, a bari sai mutum ya zo wurin ɗora hoto.

Yaya za a yi da wanda burauzarsa ba ta iya wannan aiki, ko wanda ba ya iya jan akwati?

Opera Mini yana da masu amfani da yawa a Afirka saboda tattalin data, kuma a yanayinsa na matsewa mai tsanani sabar kamfanin ce take sarrafa shafi ta aiko da sakamako, don haka jan akwati da yatsa ba ya aiki yadda ake tsammani. Ga irin waɗannan, fom ɗin ya kasance yana iya tura hoton yadda yake, sabar ta yanke tsakiyarsa, ta nuna wa mutum sakamakon ya amince.

Akwai kuma dattijon da hannunsa yake rawa, da mai raunin gani, da wanda allon wayarsa ya tsage a kusurwa. Domin su ake sa manyan maɓallai na kusantowa, da nesantawa, da juyawa, da matsar da hoto sama ko ƙasa, waɗanda za a iya kaiwa gare su da madannai ba tare da linzami ba. Cropper.js yana da move da zoom da rotate, kuma haɗa su da maɓallai aiki ne kaɗan. Rubutun da yake kan maɓallan ya zama da harshen da masu amfani da shafin suke ji.

Hotunan HEIC na iPhone da GIF mai motsi fa?

Tun daga iOS 11 a 2017 iPhone yake ajiye hotuna a tsarin HEIC. Idan aka zaɓi hoto kai tsaye daga wayar, sau da yawa ita da kanta take mayar da shi JPEG kafin ta miƙa wa shafi. Matsalar tana tasowa ne idan an kwashe fayil ɗin zuwa kwamfuta aka ɗora shi ta Chrome, wanda ba ya buɗe HEIC. A nan shafin ya lura hoton ya ƙi buɗuwa, ya gaya wa mutum dalili da kalmomi masu sauƙi, ya nemi JPEG ko PNG. Akwai laburarorin da suke juya HEIC a cikin burauza, amma suna da nauyi sosai, don haka a loda su ne kawai idan irin wannan fayil ya zo.

GIF mai motsi kuwa, canvas hoto ɗaya tak yake ɗauka daga cikinsa, motsin ya ɓace. Idan shafin yana son motsin ya tsira, sai a tura ainihin fayil ɗin tare da lissafin da getData ya bayar, sabar ta yanke kowane hoto da yake cikinsa ta sake haɗa su.